Kwalaben Perlita

Jirgin ruwan asuba ya kawo ta daga Gimaras,
ƙafa ta kumbura har silifa ya ƙi shiga,
malam-buɗe-littafi ja shimfiɗe a kumatunta.
Shi ya buɗe. Ni aka bar wa karatun.

Kwalba biyu kan teburina a Iloilo:
ɗaya jini,
ɗaya fitsari mai kumfa kamar an kaɗa sabulu.

Ƙoda ba ta da bakin kai ƙara,
sai dai ta bar sawu.
Na bi.
Furotin ya tsallake rariya,
jajayen ƙwayoyi sun dunƙule a ƙasan madubi,
C3 ya faɗi warwas,
masu gadin jiki sun juya baka suna harbin gida.
Da ɗan gari kan ci gari.

Lufus ya taɓa ƙoda.
Zurfin ɓarnar, sai Likita Salcedo ta sa allura
ta tsinko ɗan nama gobe.

Perlita ta bar min mangwaro uku a taga.
Tambayarta ɗaya:
jirgin ƙarshe ƙarfe shida ne,
ta kama shi, ko ta nemi wurin kwana?