Ungozomar Kande

Shekara talatin da biyu ina karɓar haihuwa.
Hannuna kan faɗi nauyin jinjiri kafin sikeli ya buɗe baki.
Ranar da na ninke farin kaya na ce an sauke,
ashe da sauran aiki.

Mudassir ne ya ja mini. Da zai tafi karatu Zariya
ya dire akwatin gilashi kusa da keken ɗinkina,
ya ce, "Kaka, sunansu gupi, ba su da wuya,
abincinsu ɗan barbaɗe, kamar gishirin miya."
Ya saɓa jaka, ya bar ni da baƙi bakwai,
mazan da jela kamar sabuwar atamfa.

Akwai wata mai ruwan toka, ba kwalliya.
Na sa mata Kande.
Sati uku, cikinta ya yi kusurwa,
baƙin tabo ya fito daf da jela.
Na gyara tabarau, na matso,
sai ga ɗige-ɗige a cikin duhun.
Idanu ne.
Waɗanda ba su iso ba suna leƙena.

Ta janye daga jama'a, ta laɓe bayan ciyawa, ta ƙi ci.
Wani namiji ya ishe ta da zarya,
na sa rariya na kwashe shi zuwa bokiti.
A asibiti ma haka muke yi da maza:
Malam, jira a waje.

Daren Laraba, tsakiyar Agusta, Jos ta yi halinta.
Ƙanƙara bisa kwano kamar ana jifan gida,
sannan aka ɗauke wuta.
Injin ɗumama ruwa ya mutu, kumfa ta tsaya.
Na taɓa gilashin, na ji randa.
Na kira Ngo Chundung ta katanga,
ta miƙo fulas biyu tana dariya cikin lema:
"Sista, kifi ne fa."
Na ce, "Mai ciki ce."

Na ɗura ruwan ɗumi a gorar roba, na sake ta tana yawo a sama,
na rufa wa akwatin bargona,
ni na zauna da mayafi, tocila a haƙori.

Uku saura kwata na farko ya faɗo
a dunƙule, bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Ya nutse, ya miƙe, ya harba.
Ba kuka, ba cibiya, ba abin da zan yanka.
Hannuna ya ɗago da kansa, ya rasa abin tara.
Na biyu. Na biyar. Na sha ɗaya.
Sai Kande ta juyo
ta haɗiye ɗaya.

Na ga abubuwa a ɗakin haihuwa,
amma wannan sai da na yi salati.
Ban zage ta ba.
Wanda ya kwana da masu naƙuda
ba ya saurin yanke hukunci.
Na dai yanko gefen tsohon gidan sauro
na raba ruwan biyu: uwa can, 'ya'ya nan.

Da asuba na ƙirga sha tara.
Da hantsi, sha bakwai.
Na sake ƙirgawa, ko idona ne.

Yanzu gwaiduwar ƙwai nake ɗiba da tsinken sakace,
sau huɗu a yini, kaɗan, kada ruwa ya yi tsami.
Ruwan famfo sai ya kwana biyu a bokiti
warin magani ya fice.
Na sa wa bakin matata safar Mudassir
kada ta zuƙe mini yara.

Ya bugo waya jiya: "Kaka, nawa suka rage?"
Na ce, "Ba a tambayar ungozoma haka.
Ka ce, ya mai jego?"

Mai jego tana nan, tana ci kamar ba ita ba.
Da safen nan na ga tabon ya soma duhu kuma.
In ruwa ya tsagaita zan leƙa Taminus,
tocilar tana son batir.