Haƙorin Rijiyar Taloka

Gaba bakwai Arzika ya nutsa cikin ƙasa
yana nema wa unguwarmu ruwa.
Jar ƙasa ta ƙare, ya faɗa toka-toka,
laka mai ɓarewa falle-falle
kamar tsohon kundin da gara ta raga.
Can digarsa ta yi ƙara.
Guga ya hauro, babu ɗigon ruwa,
sai haƙori ɗaya, baƙi wuluk,
ya kusa kai tsawon yatsana.

Inna Hantsi ta ce na kura ne.
Tunau mahauci ya juya shi a tafin hannu:
"Shekara talatin ina fiɗa,
ban taɓa buɗe bakin da ya ɗauki wanga ba."

Ranar kasuwar Goronyo wata malama ta zo daga jami'a
da 'yar guduma da buroshi.
Ta durƙusa kan tulin ƙasar da muka zubar,
tana tsince ƙashin bayan kifi,
da ɓallin ƙoƙon kunkuru da ya koma dutse.
Ta ce, nan teku ne.
Muka yi dariya,
mu da ke bin jarka da kuɗi in bazara ta tsaya.
Ta ce mai haƙorin ƙadangaren ruwa ne,
ya ɗara kwalekwale tsawo,
ya yi farauta daidai inda akuyata ke ɗaure,
zamanin da manyan ƙadangaru ke taka tudu
babu ɗan Adam ko ɗaya da zai ba su suna.

Shekara miliyan wajen saba'in, in ji ta.
Da dare na zube tiyar gero kan faifai,
ƙwaya ɗaya, shekara ɗaya.
Ban kai ga kakan kakana ba
na ga abin ya fi ƙarfin rumbu.
Na mayar da geron, na yi tasbihi.

A gaba goma sha ɗaya ruwa ya ɓuɓɓugo.
Arzika ya kurɓa, ya yamutsa fuska,
ya ce da ɗan gishiri-gishiri.
Malamar ta tafi da ƙasusuwa cikin auduga,
haƙorin kuwa ya hana,
yana cikin gwangwanin da yake ajiye allura.

Yanzu in na zura guga da asuba,
kafin ya taɓa ruwa
sai in ji ina sassauta igiya,
kamar mai gudun tada wani daga barci.