Kwalbar da Halvard Ya Cire

A Bergen, daren da za mu tashi,
na cusa kwalbar maganin sauro tsakanin safa da tawul.
Halvard ya zaro ta da yatsu biyu
kamar ya kamo ɓera ta wutsiya.
"Gunvor, arewa fa za mu,
inda ƙanƙara ke kwana kan duwatsu har tsakiyar Yuli.
Wane sauro ne ya gaji da duniya da zai bi mu can?"
Shekara talatin da takwas na aure
sun koya mini inda ake ajiye gardama.
Na ɗora ta kan firji, kusa da rasit ɗin wuta.

Kwana huɗu jirgin ruwa yana ratsa lungunan teku,
iska mai gishiri tana mari, tana ƙwace hula,
tana huce shayi tun kafin ya kai baki.
Ko ƙuda bai leƙo mu ba.
Kullum da safe sai ya naɗe hannun riga
ya miƙo mini dantse, sumul, ba ɗigo ko ɗaya:
"Duba mana, uwar tanadi."
Ni kuwa sai in duba tsuntsaye.

Wani yaron jirgi, Eilif, ya ce mana,
"A kan ruwa sanyi ne kaɗai abokin gaba,
amma idan kuka nausa cikin ƙasa…"
Kafin ya ƙarasa, mutumina ya tafi neman kofi.

A Tromsø muka ɗauki hayar mota.
Bayan Alta hanya ta juya wa teku baya,
itatuwa suka gajarce, ƙasa ta baje,
kududdufi nan, kududdufi can, kamar an fasa madubi.
Sha ɗaya na dare, rana tsaye ƙyam ta ƙi faɗuwa,
tayar baya ta ce fus.
Iska ta ɗauke.

Sai muka ji shi.
Da farko siriri, kamar waya tana kuka can nesa,
sannan sama ta yi hayaƙi mai ƙafafu.
An ce rashin sani ya fi dare duhu;
a nan babu dare,
rashin sanin ne kaɗai ya lulluɓe mu.
Halvard a durƙushe, sifana a dama,
hagu tana tafa wa sanƙonsa,
ni ina kaɗa taswira a kansa
kamar mai fifita wutar da ta ƙi kamawa.

Wata mata ta tsaya da tsohuwar akori-kura,
fuskarta cikin raga, kare a gefenta.
Biret, ta ce, makiyayiyar barewar arewa.
"Dabbobina ma sun haye tudu tun jiya,
suna tsaye kan sauran ƙanƙara don su sha iska.
Ƙanƙarar nan ai ita ce uwarsu:
ta narke, ta kwanta, ta haifa."
Ta miƙo kwalba, rabi ya rage,
ta ƙi kuɗi, ta ɗaure mana noti biyu na ƙarshe.

A masauki a Kautokeino, labule ya kasa tare haske.
Na zaunar da shi bakin gado ina shafa masa man sanyi,
ina ƙirga a zuci: arba'in da ɗaya,
banda na bayan kunne.
Ban ce wanda bai ji bari ba zai ji hoho.
Na haɗiye ta, ta yi mini zaƙi.

Can ya ce, idonsa a ƙasa,
"Amma dai a jirgi na yi gaskiya."
Na hura masa sanƙo a hankali.
"Ka yi gaskiya, Halvard. A jirgi."

Kwalbar tana nan kan firji har yau.
Ran Asabar, in yana goge ƙura,
yakan ɗaga ta, ya share ƙarƙashinta,
ya mayar da ita daidai inda take.