Tawada Tana Daskarewa

Ni na jera masa baƙaƙe shekara talatin da ɗaya,
in za a tambayi wani, ni za a tambaya.
Reino Salmela, ɗan mahaƙin tama a arewacin Minnesota.
Ubansa ya shiga rami da huhu biyu, ya fito da tari,
shi kuwa ya ce ƙasa ba za ta haɗiye shi da rai ba,
ya ɗauki filafili, ya bi ruwa.

Shekara tara yana tuƙa attajiran birni a kwalekwale,
yana ɗaura musu ƙugiya,
yana soya musu kifin da ba su kama ba.
In dare ya raba, minshari ya cika tanti,
sai ya zaro fensir daga cikin hularsa.
Alƙalami ba ya amfani a can, in ji shi,
tawada tana daskarewa.

Ya aika wa wata jaridar birni labarin kyarkeci
da ya bi sawunsa kwana uku.
Suka buga, amma suka ƙara wa dabbar jan ido,
suka sa bindiga a hannun da ya riƙe burodi.
Ranar ya sayar da kwalekwalen,
ya sayi tsohon inji mai tari irin na ubansa,
ya girke shi a shagon da mahauci ya tashi.
Takardunmu na farko har yau suna ƙarnin kitse.

Mujalla sau huɗu a shekara.
Wani ya biya da kuɗi, wani da zuma,
wata tsohuwa da safar ulu, duk ta ƙafar hagu.

Ƙaryarsa guda ce, kuma na san ta:
tafkin da ya fi so, ya matsar da shi mil arba'in gabas.
Masunta suka yi ta ciyar da sauro a fadama,
shi yana nan yana dariya har da riƙe ciki.

Sai shekarar da ya rubuta
cewa ƙanƙarar mashigin arewa
tana ɗaukar mutum har ƙarshen Maris.
Ni na jera layin, da hannun nan.
Yaron gidan Lindgren ya karanta, shekararsa sha shida.
Ranar Talata aka tsamo shi.

Mako uku Reino bai leƙo shago ba.
Da ya zo, ya ce a bar shafin farko fari.
Na ce za a zaci inji ne ya lalace.
Ya ce su zata.
Muka buga shi fari fat,
can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe: Wendell.
Tun daga nan da kansa yake huda ƙanƙara ya auna,
kuma bai sake rubuta "tana ɗauka" ba,
sai dai "jiya ta ɗauke ni."

Littattafan wasu ma ya buga.
Delphine, 'yar Ojibwe, da ta san shinkafar tafki,
ta yi magana, ya rubuta, ta gyara masa sau babu iyaka.
Sunanta ne a bangon, nasa ba ya ko'ina.

Ido ya fara tafiya, banki ya fara zuwa.
Ni nake karanta masa shafi, shi yana saurare,
ya ce, Ardith, tsuntsun nan ba haka yake kuka ba, cire.

Kowa ya ɗauka a daji zai ƙare.
A asibiti ya cika, hawa na huɗu,
yana faɗa da tagar da ba ta buɗuwa.

Hular aka miƙo mini a leda.
Fensirin na ciki, bai kai ɗan yatsa ba.
Na fiƙe shi. Ban san dalili ba.