Mai Rubuta Suna a Tashar Asafo

Tun assalatu nake ɗaga ƙofar ƙarfe,
mai koko ba ta hura wuta ba tukuna,
amma kwalaye sun riga ni,
sun yi sahu kamar masu jiran liman.
Ni ce Sherifatu, mai alƙalami mai kaurin baki.
Aikina suna da lambar waya,
sai sikeli, sai salatif mai kuka in an ja shi.

Kakana Baba Tanko kan ce, a zamanin iyayensu
goro na barin Kumasi a bayan jaki,
kafin fatake su dawo, cikin da suka bari ya fara tatata.
Yau mace ta sayi takalmi da hantsi,
azahar ba ta yi ba ta kira ni sau uku:
"Ina kayana? Ko tura babur ɗin ake yi?"
Haƙuri ya yi tsada a garin nan, ya fi fetur.

Mami Serwa ba ta biyan hayar shago.
Shagonta na cikin tafin hannunta.
Ta shimfiɗa atamfa kan gadonta a Bantama, ta ɗauki hoto,
wata a Tamale ta gani, ta turo kuɗi ta waya.
Ba su taɓa haɗa ido ba.
Ni ce tsakaninsu,
ni da direban dare, da Mutala da jan akwatinsa.

Sidi talatin na aike, ku ji inda yake kwana:
gidan mai ya sha nasa tun da safe,
alhajin Aboabo mai babur yana ƙirga nasa da carbi a hannu,
kamfani ya yanki nasa tun kuɗin na da ɗumi,
yaron da ke tsinto mana kwali a Kejetiya ya sami na wake da shinkafa,
har mai faci a Suwame ya san ranar rabonsa.
Ragowar ita Mutala ke kai wa gida,
wata rana ta cika tukunya,
wata rana gishiri kawai.

Kwatance kuwa, sai dai Allah ya kyauta.
"Bayan coci, ka wuce mai gasa ayaba,
ƙofa shuɗiya, in ka ga kare kada ka gudu."
Waya ta ce masa ka iso,
shi kuwa yana tsaye gaban kwata da akuya biyu.

Ranar Alhamis wani ƙunshi ya sauka daga Akra,
bai kai nauyin burodi ba.
Magani. Malam Sumaila, Asawase.
An rubuta "da gaggawa", an ja layi biyu a ƙasa,
har alƙalamin ya huda takarda.
Mutala ya sa shi cikin riga, bai yarda da akwati ba.
Sai sama ta ɓalle.
Ruwa ya haye gada, motoci suka tsaya cak,
ya fake a rumfar wani mai walda yana duban agogo.

Bayan magariba ya shigo, takalmi na kukan ruwa,
ya ajiye ƙunshin a gabana, a bushe.
Ya ce, "Na tarar da tabarmi a ƙofar gida,
maza na zaune, ana shafa fatiha."
Bai nemi kuɗin aikensa ba. Ni ma ban tuna ba.

Littafina gida uku gare shi:
an karɓa, an ƙi karɓa, ba a sami mai shi ba.
Na daɗe da alƙalami a sama
har bakinsa ya bushe.

Na ɗora ƙunshin kan kanta, kusa da rediyo.
Wata ta riga ta miƙo kwalin kek ta taga:
"'Yar'uwa, wannan kada ya karkata, na suna ne, gobe da safe."
Na ja salatif.
Na ce, "Wa za a rubuta?"