Ƙulli Biyu

Daga fadamar Auyo na dawo,
ƙugu kamar an ɗora masa dutsen niƙa.
Kwana tara ina dashen shinkafa a sunkuye,
ba na miƙewa sai don sallah.

Barau mai kemis bai tambaye ni komai ba.
Hannunsa ya san gwangwanayensa ko a duhu:
ja ɗaya, farare biyu, wata ruwan ɗorawa.
Ya ƙulle a leda, ya ce, "Haɗi ne,
kora da koko, kuɗi sai ran kasuwa."
Kafin la'asar na koma saurayi,
har na taya maƙwabci ɗaukar buhu.

Ashe akwai bashin da ba ya jiran kasuwa.
Tsakar dare cikina ya kama da wuta,
kamar an barbaɗa barkono a gyambo.

Asibitin Haɗeja kuwa sai ka sayar da yini:
kuɗin acaɓa, yankan kati, benci, layi.
Likitar sa'ar ƙanwata Ladidi ce,
amma tambaya kamar gaban alƙali:
Me ka sha? Guda nawa? Kafin tuwo ko bayansa?
Bayan gidanka ya yi baƙi?
Na sunkuyar da kai, na zaro ledar Barau.

Ta baza ƙwayoyin a tebur tana tsinta
kamar mai fid da tsakuwa daga wake.
"Wannan da wannan uwarsu ɗaya,
riga kawai suka sauya.
Wannan, in bai sami abinci ba, cikinka yake ci.
Nawa ma haɗi ne, Malam Tukur,
da irin farar nan a cikinsa,
sai dai da awo aka yi shi.
Ya fi ƙarfi, yana sa gyangyaɗi,
in ka saba masa ba ya sakin mutum.
Kwana biyar, kada ka gama su.
Hanta ba jaki ba ce, ba a yi mata kaya biyu."

A ƙasan takardar ta ƙara: hutun mako guda.
Na yi dariya har ƙugu ya amsa.
Wannan babu shi a kantin Barau,
babu shi a tagar asibiti,
damina kuma ba ta iya karatu ba.

Ran kasuwa na biya Barau ɗari ukunsa.
Ya ja leda, ya ce, "A ƙulla?"
Hannuna na aljihu,
kan takardar da gumi ya fara ci.
Na ce, "Bari dai in ga gobe."