Ƙarfen Dalma na Evaristo

A Valparaíso, can saman tudu,
inda gidaje ke rataye kamar shanya,
Evaristo ya bar aikin tashar jiragen ruwa,
ya koma jinyar matattun rediyo.

Tsohon ƙarfensa mai waya ne,
akuya a turke:
iyakar igiya, iyakar kiwo.
Eriya kuwa tana kan rufi.

A shago ya juya uku a tafin hannu.
Mai gas ya cika huci,
babban ya yi wa yatsunsa nauyi.
Ya ɗauki siririn, mai batir,
mai zafi kafin a kurɓi shayi sau biyu.

"Ximena, matso.
Kada ki kankare bakinsa da wuƙa.
Soson tagulla, shafa ɗaya,
ki ɗiga masa dalma kafin ya huce.
Baki tsirara, iskar teku ke cinye shi.
Batir kuma kada ya kwana da yunwa."

Da faɗuwar rana suka hau rufi.
Hayaƙin ƙaro ya miƙe siriri,
hannunsa na rawa.
Ta karɓa.
Ɗigo ɗaya ya yi ƙyalli, ya daskare.

A ƙasa rediyon ya yi gyaran murya,
ya fara faɗin yanayin teku.